PUSH da PULL: kalmomin da ke tsayar da Adarawa a bakin ƙofa

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Tawa, Keita ko Buza, ya bi ta Kwanni ya tsallaka Illela ta Najeriya zuwa Sakkwato, ya san daga kan iyaka Faransancin lakwal ya ƙare, sai Ingilishi. Mu da ke aikin rediyo, kalmar da 'yan kasuwa suka fi tambayar mu a kai ita ce wadda ake liƙawa a ƙofar banki da ta manyan kantuna: PUSH.

Ma'anarta tura. Mu 'yan Nijar mun ci sa'a, domin daga Faransanci Ingilishi ya aro ta, tushenta ɗaya da pousser, ɗaya da pus-pus ɗin da ke ɗaukar buhun albasa. A kasuwannin Kumasi da Akara ma, masu tura amalanke truck pusher ake ce musu.

Kishiyarta ce ke rikita mutane. PULL na nufin jawo. Amma wanda ya yi lakwal, da ya ga rubutun sai ya tuna rigar sanyi, don haka ake rubuta ta da Faransanci. Sai mutum ya tsaya yana ta tura ƙofar da jawowa take so, mai gadi yana kallo.

Sai batun furuci, kuma a nan aikin yake. Hausa ba ta da harafin p, ga shi mu Adarawa ko f ɗin ma h muke mai da shi, muna cewa tahi. To, idan ka ce ful maimakon pull, ka ce full, wato cike. Idan ka ce hush maimakon push, ka ce wa mutum ya yi shiru! Maganin abin shi ne a haɗe leɓɓa kamar za a ce b, sannan a saki iska ba tare da murya ba. Wasalin u kuwa gajere ne, kada a ja shi.

Press dannawa ce da yatsa, irin wadda ake yi wa maɓallin POS ko na salula. Shove kuwa, da ake furtawa kusa da shab, bangaza ce, a bar wa masu rigima a tasha.

Mata, a kula da wurare biyu. Marfin wasu kwalaben maganin yara yana ɗauke da push down and turn: a danna ƙasa, sannan a murɗa. An yi shi haka ne don kada yaro ya buɗe, saboda haka kada a sa wuƙa a ɓalle shi. Na biyu ɗakin haihuwa ne a asibitocin Najeriya. Idan ungozoma ta ɗaga murya ta ce push, cewa take a yunƙura, lokaci ya yi.