Shuɗin yakutu: kayan adon sarauniyoyi da aka sace a Luvur

Ranar lahadi 19 ga watan oktoba na shekara ta 2025, da hantsi, wasu mutane huɗu suka tsai da mota mai tsani a gindin gidan ajiyar kayan tarihi na Luvur, a birnin Paris. Biyu daga cikinsu suka hau, suka yanke taga, suka fasa akwatunan gilashi. Kafin a cika minti 8 sun tsere bisa babura da kayan ado guda 8, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu yuro miliyon 88, watau fiye da miliyar 57 na kuɗin sefa. Cikin kayan har da kambi da sarƙar wuya da ɗan kunne ƙwaya ɗaya, dukansu na shuɗin yakutu, dutsen da Faransawa ke kira safir.

Waɗannan kaya uku suna da asali. Sarauniya Ortans, agolar sarki Napoleyon, wadda ta yi sarauta a Holand daga 1806 zuwa 1810, ta yi ado da su. Daga baya suka koma hannun Mari-Ameli, matar sarki Luwi-Filip, wanda ya mulki Faransa daga 1830 zuwa 1848. Zuriyarta ta riƙe su, ana gyara su gwargwadon yayin kowane zamani, har shekara ta 1985 da suka shiga Luvur. Kambin kaɗai yana ɗauke da yakutu 24 da ƙananan daiman 1.083.

Duwatsun kuwa daga tsibirin Siri Lanka suka fito, wanda Larabawan dauri ke kira Sarandib. Tun fiye da shekara 2.000 ake tono yakutu a can, cikin tsakuwar da ruwa ke tarawa a kwaruruka. Shuɗin yakutu da jan yakutu dutse ɗaya ne, launi kawai ya raba su: ɗan ɓurɓushin ƙarfe da na titaniyom ke ba da shuɗi, na kurom ke ba da ja. A ma'aunin taurin duwatsu mai daraja 10, yakutu na daraja ta 9, daiman ne ke bisansa. Shi ya sa zobe kan ga jika da tattaɓa-kunne, zinariyarsa ta side, dutsen bai dushe ba.

Mutanen da ba su ɗauke shi abin ƙawa kurum ba. A ƙarni na 11, shehun malami Albiruni ya rubuta littafi kan duwatsu masu daraja, ya ɗauki shuɗin yakutu ya mai da shi mizanin da yake gwada nauyin sauran da shi. A ƙasashen Turai kuma, a tsakiyar zamani, manyan limaman coci kan sa shi a zobe don launinsa na tuna musu da sama. Jama'a sun yi imani yana maganin ciwon ido, yana kare mai shi daga guba da hassada. Binciken zamani bai tabbatar da ko ɗaya ba, amma wannan camfi ya taimaka wajen kai dutsen fadar sarakuna.

Abin da ya fi tayar da hankalin masana bayan satar shi ne makomar kayan. Kambin da duniya duka ta ga hotonsa ba ya sayuwa a kasuwa. Hanyar da ɓarayi suka saba bi ita ce su ɓamɓare duwatsun, su narke zinariyar, su sake sassaƙa manyan don kada a shaida su. Dutsen zai tsira saboda taurinsa, sai dai aikin maƙeran farkon ƙarni na 19, da shaidar hannayen da kayan suka bi, za su tafi ke nan. Tun farkon ƙarni na 20 ake iya ƙera shuɗin yakutu a masana'anta, bisa dabarar wani Bafaranshe mai suna Vernoy, kuma ba shi da tsada. Wanda sarauniya Ortans ta rataya a wuyanta kuwa, babu masana'antar da za ta sake yin sa.