Alƙalamin da Aka Ce Ya Fi Bijimi Tsada

Bayan Babbar Sallah, wani mutum da Baba ke bi cikon kuɗin bijimi ya same mu a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei, nan Abuja. Maimakon kuɗi sai ya zaro wani baƙin alƙalami mai zanen kifi ruwan zinare, wai a riƙe jingina, ɗan Japan ne, ya fi bijimin tsada. Baba ya jujjuya shi, ya miƙa masa abinsa, ya ce shi abin da ba a duba wa haƙori ba ya karɓa. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai, na shiga bincike.

Ashe akwai irinsa da gaske. Ba biro ba ne, irin wanda ake ɗura wa tawada ne, adon jikinsa kuma ana ce masa maki-e. Akwai wata bishiya a can da ake tsagawa a tari ƙaronta, urushi sunansa, ɗanyensa har ƙaiƙayi yake sa wa. Mai sana'ar zai yi zane da shi, tun bai bushe ba ya barbaɗa garin zinare ko azurfa, ya sake shafawa, ya goge da gawayi. Abin mamaki, ƙaron nan ba a shanya shi a rana, sai a cikin akwati mai laima yake ƙanƙara. Kowace shafa da nata jiran, shi ya sa alƙalami ɗaya kan ci watanni. Aikin hannun nan shi ake saye, zinaren ba wani mai yawa ba ne.

Kamfanin Namiki, wanda ya koma Pilot, an kafa shi a 1918, a 1930 kuma ya haɗa hannu da Dunhill na Ingila, daga nan Turawa suka san abin. Manyan cikinsu kan kai dubban daloli.

Amma fa 'yan uwa na Agege da Sabon Ibadan, a yi hattara. Akwai masu arha da ake buga musu zanen ta hanyar ɗab'i, a ido kamar ɗaya suke. Na hannu kan zo da sa hannun mai zanen a jikinsa, da kwalinsa da takardunsa. Ko na gaskiyar ne ma, wa za ka sayar wa a nan? Bijimi ko yau ka kora shi kara zai zama kuɗi.

Na mutumin nan dai babu kwali, babu takarda. Cikon ma har yanzu muna binsa.