Kwana goma a gaɓar teku: Abin da na gani da iyalina daga Badagri zuwa Elmina

Tambayar autata ce ta jawo wannan tafiya. Wata rana da daddare tana bitar darasin labarin ƙasa, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai teku ya fi Dam ɗin Tiga girma?" Yayyenta biyu suka kwashe da dariya, amma ni ban yi ba, domin na san su ma masu dariyar ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba. Daga wannan dare na ƙudiri aniyar kai su su gani da idanunsu. Shekara guda muka yi muna tari, ni daga albashi, uwargida daga adashinta, har Allah Ya nufa a hutun Disambar 2023 muka ɗaure kaya a mota muka bar Kano.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin hanyar Kano zuwa Legas ba, wadda ta ci mana kwana biyu. Abin da ya kamata mai niyyar irin wannan tafiya ya sani shi ne, sai ya tanadi fasfo na kowa, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, da takardun mota cikakku, har da inshorar ECOWAS. Duk da yarjejeniyar 1979 da ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zirga-zirga ba tare da biza ba, a ɗaya daga cikin iyakoki uku da muka ƙetare sai da muka shafe awa uku a rana, ba don wani laifi ba sai don na ƙi ba da abin da ba a rubuta rasidinsa.

A Badagri muka fara yada zango. Mun ga benen da mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, sannan muka shiga kwalekwale muka haye zuwa tsibirin Gberefu. Daga inda aka sauke mu, akwai wata doguwar hanya cikin rairayi da itatuwan kwakwa, wadda ita ce aka riƙa bi da bayi zuwa bakin jiragen Turawa. Muna cikin tafiya muka fara jin wani ruri kamar na hadarin da ke tasowa daga gabas, alhali sama tarwai take. Da muka hau wani ɗan tudu, sai ga Tekun Atlantika shimfiɗe a gabanmu, babu kowa a gaɓar sai mu da mai yi mana jagora. Autar ta riƙe hannuna gam, ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce, "Baba, ina ƙarshensa?" Na ce mata idan aka miƙe yamma ta kudu, sai Birazil.

Ban ambaci Birazil don raha ba. Washegari a garin Wida na Jamhuriyar Benin, bayan mun wuce Kwatano, mun tsaya a gaban ƙofar tunawa da bayi da aka gina a bakin teku a 1995, na ba yaran labarin Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, mutumin Jugu, wanda ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Ta wannan gaɓa aka fitar da shi zuwa Birazil, daga baya ya kuɓuta, aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka a 1854. Na kuma gaya musu cewa a jihar Bahiya ta Birazil, Hausawa bayi ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807, kuma da su aka yi babban tawayen Musulmi na 1835. Babban ɗana, wanda ke aji biyar na sakandare, ya ce bai taɓa jin wannan a makaranta ba. Ni ma ban ji a makaranta ba. Mu mutanen Arewa mun taso da tunanin cewa teku da abin da ya faru a bakinsa labarin 'yan Kudu ne, namu kuwa na Sahara ne da raƙuma. Ashe tekun nan ya ci namu, kuma da yawa.

Ƙasar Togo ba ta ɗauke mu lokaci ba, domin gaɓarta ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba. Muka ci abincin rana a Lome, muka shiga Gana ta Aflawo. A birnin Akra kuwa sai muka ji kamar mun dawo gida. A unguwar Nima uwargida ta yi cinikin atamfa da Hausa tsantsa, da safe muka karya da koko da ƙosai, da rana muka ci shinkafa da wake da suke kira "waakye", sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake. Waɗannan zangogi ba jiya aka kafa su ba. Wasu jikokin fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, wasu kuma jikokin dakarun Hausa ne irin waɗanda Gulob ya fara tarawa a Legas a 1863, aka kai su Gwalkwas yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, da yawansu ba su koma ba.

Elmina ce iyakar tafiyarmu ta yamma, kuma nan ne jikina ya fi yin sanyi. Turawan Fotugal ne suka gina wannan sansani a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A sama akwai ɗakunan gwamna masu manyan tagogi da iskar teku ke kaɗawa, a ƙasa kuma kurkukun da ba ya samun haske sai ta wata 'yar kafa. Da mai jagora ya ambaci kasuwar Salaga a cikin wuraren da ake kawo bayi daga arewa, sai ɗana ya juyo ya ce, "Baba, ba ita ce kasuwar goron da ka ce kakanninmu na zuwa ba?" Na amsa masa da cewa ita ce, kuma gaskiyar magana ita ce ayarin da ke komawa da goro ba kanwa da tufafi kaɗai yake kaiwa ba, har da mutane. A cikinmu akwai waɗanda aka sayar, akwai kuma waɗanda suka sayar. Na ga wannan amsa ta yi masa nauyi, amma gara ya ji ta daga bakina.

A hanyar dawowa muka ratse zuwa Ada Fowa, inda Kogin Bolta ke shiga teku, domin mu huta kwana biyu. Nan kogin ya rarrabu ya bar ƙananan tsibirai, wasu da ƙauyukan masunta, wasu ba kowa sai tsuntsaye da kwakwa. Wani dattijo mai kwalekwale, wanda ya iya Hausar zango, ya kai mu wani tsibiri mai farin rairayi da ruwa kwance kamar tabarma. Babu mai talla, babu kiɗa, babu idon jama'a, har uwargida da 'yarta suka shiga ruwa zuwa gwiwa cikin sakewa. Muka gasa kifi, muka sha ruwan kwakwa, muka yi sallar Azahar a kan rairayi. Na daɗe ban ga iyalina cikin irin wannan natsuwa ba.

Da la'asar dattijon ya haye da mu wani siririn tudun rairayi, wanda kogi ke gefensa ɗaya, teku a ɗaya gefen. Tun kafin mu sauka ya ce, "Alhaji, ka ja wa yara kunne, wancan ruwan ba irin wannan ba ne." Na faɗa musu, amma ɗana na biyu, mai shekara goma sha uku, wanda ke taƙama da iya iyo a rafin ƙauyenmu, ya ɗan matsa gaba don ya jiƙa ƙafa. Igiyar ruwa guda ce ta kwashe shi ta kayar, tana komawa ta ja shi. Ni dai na daskare a tsaye, ihun mahaifiyarsa kawai nake ji. Dattijon nan ne ya yi tsalle ya cafko rigarsa kafin igiya ta biyu ta iso. Da numfashin yaron ya dawo, sai dattijon ya bayyana mana cewa ba zurfi ke kashe baƙo a wannan gaɓa ba, jan da ruwan ke yi in zai koma ne, kuma ko su masunta ba sa juya masa baya. Na miƙa masa abin da ke aljihuna, ya ƙi karɓa, ya ce shi ma yana da jikoki. Duk mai shirin kai yara bakin teku, don Allah ya riƙe wannan: a tambayi mutanen wuri inda ake shiga, kuma kada a saki hannun yaro.

Na san ba kowane magidanci ke da halin irin wannan tafiya ba, musamman da tsadar mai da faɗuwar darajar Naira a gaban Sefa da Sidi. Amma Badagri a cikin Nijeriya take, ba ta buƙatar fasfo, kuma da yawanmu muna kashe abin da ya fi kuɗin zuwa can a bikin kwana uku. Ina kira ga iyaye da masu makarantu a Arewa da su sa gaɓar teku cikin wuraren da ake kai yara ziyara, domin wani ɓangare na tarihinmu yana can, kuma gani ya kori ji.

Mun iso Kano lafiya, da hazo ya rufe gari. Autar ta zo da kwalba cike da ruwan teku, ta kai makaranta, ta sa 'yan ajinsu suka ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya don su yarda cewa da gishirinsa yake. Malamarsu ta aiko mini da saƙo tana tambayar nawa ne kuɗin motar haya daga Legas zuwa Badagri.