Harawa da Dusa: Abin da Ƙarin Abinci Ke Yi wa Akuyar Kiwo

Daga Sakkwato zuwa Maraɗi, kiwon awaki yana sauya salo. A da, sakin akuya ake yi da hantsi ta nemi abincinta a jeji, da yamma a tare ta da ƙasari. Yanzu gidaje da yawa, musamman matan da su ne akasarin masu awakin, suna ware kuɗi don harawa, kowa, dusar alkama da angurya.

Dalili na farko ƙuncin wurin kiwo ne. Gonaki sun cinye makiyaya da burtali, garuruwa sun faɗaɗa, rashin tsaro a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato ya hana shiga daji mai nisa. Na biyu kasuwa ce: manyan motoci na lodin awaki daga Illela da Mai'aduwa zuwa kudancin Najeriya, inda naman akuya ke da daraja, kuma mai saye ya fi son dabba mai cika ido. Na uku, ita kanta harawar ta zama haja, har cibiyar IITA ta Kano ta yi aiki a kan irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare.

Sirrin al'amarin yana cikin tumbi. Ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa a can suna buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kamar kashi 7 cikin 100. Ciyawar damina ta wuce haka, amma busasshiyar ciyawar rani da karan dawa sukan faɗi ƙasa da shi sosai. Sai narkewa ta yi jinkiri, ciki ya cika, akuya ta kasa ƙara ci, ta soma rayuwa da abin da ta tara a jikinta. Shi ya sa ake ganin rama daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa. Harawar wake mai ganye ta haura kashi 10, ƙuliƙuli kuwa ya haura kashi 40. Ɗan kaɗan daga cikinsu yana farfaɗo da aikin tumbi, har akuyar ta ƙara cin busasshiyar ciyawar da take ƙi. Wannan ce riba mafi girma, kuma 'ya'yan gawo da ke zuba a rani suna yin irin wannan aiki kyauta.

A wajen girma, waɗanda suka fi amfana su ne 'yan awakin da aka yaye da uwa mai shayarwa, domin jar akuyar Sakkwato tana yawan haifar tagwaye, nono kuwa ba ya isa idan uwa na jin yunwa. Sai dai amfanin yana da iyaka. Jar akuya ƙaramar dabba ce, kilo 20 zuwa 30 ne nauyin yawancin manyanta, kuma dusa ba ta sauya jini. Idan ƙarin ya yi yawa, sai ta rage kiwo ta jira na gida, mai ita ya koma sayen abin da daji ke bayarwa.

Mahauci ne ke ganin sauran labarin. Bayan an feɗe, an cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura yakan kama tsakanin kashi 40 zuwa 50 na nauyin akuya. Wadda ta samu ƙarin abinci takan kusanci sama, cinyarta da gadon bayanta sun fi tsoka. Amma akuya ba kamar tunkiya take ba: kitsenta a ciki take tara shi, kewayen ƙoda da hanji. Saboda haka kwanakin ƙarshe na turka mai tsawo kan tafi ne wajen tara kitsen da ba ya ƙara wa tsoka komai. Fata ma tana cin moriya, domin dabbar da ta ƙoshi ta fi jure ƙazuwa, fatar jar akuya kuwa ta daɗe da yin suna har Turai.

Akwai haɗari da ya wajaba a faɗa. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana tsamar da tumbi, ya kawo kumburi da zawo, wani lokaci mutuwa. Dusa zalla na sa tsakuwa ta toshe mafitsarar taure. Ƙuliƙulin da ya yi funfuna yana ɗauke da guba mai lalata hanta, angurya mai yawa kuma tana cutar da ƙananan da tumbinsu bai ƙosa ba. Akuyar da ke fama da tsutsar ciki, ko ba a yi mata rigakafin cutar PPR ba, asarar abinci ce kawai.

Abin da ya fi dacewa shi ne a tara harawa tun kaka tana da araha, a adana ta a inuwa, a fara bayarwa kafin rama ta kama. Dusa da ƙuliƙuli kada su wuce kamar gram 200 a rana ga akuya mai kilo 20, a saba mata da su sannu a hankali, tare da gishiri da ruwa. Sauran aikin na hukuma ne: cibiyar NAPRI ta Shika da cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi su kai wannan ilimi ga matan karkara, a kuma sanya ma'auni a kasuwannin dabbobi. Muddin da ido dillali ke yanke farashi, macen da ta ciyar ba za ta samu cikakken haƙƙin wahalarta ba.