Dawowa Daga Daji Daban, Warkewa Daban

Yau zancenmu a kan waɗanda suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga ne, musamman a yankinmu na Musawa, Matazu, Kankara zuwa Malumfashi.

Idan aka biya kuɗin fansa mutum ya dawo, muna cika gida da barka, bayan kwana uku kowa ya watse. To a nan ne fa wani ciwon yake farawa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiransa firgicin bayan tashin hankali. Mutum ba ya iya barci, mugun mafarki ya dame shi, ƙarar babur kaɗai ta sa jikinsa rawa, ga saurin fushi, ga ƙin zuwa wurin da aka kama shi. Idan abin ya wuce wata guda, yana buƙatar likita. Ku tuna ɗaliban Kankara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020. Sun dawo cikin mako guda, amma zuciya ba ta hucewa da wannan saurin.

Akwai wani abokina manomi da aka ɗauke a hanyar gona. Bayan ya dawo, damina guda bai taka gonar ba. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ragwanci. Ya fara shan tramadol don ya daina tunani, sai matsala ta zama biyu. Yayansa ne ya kai shi asibiti. Aka ɗora shi kan magani, yana kuma zama da likita suna magana. Sai da ya yi makonni kafin ya ji canji, kuma haka irin maganin yake. Da ya ji sauƙi ya so ya ajiye, likita ya hana, domin yanke magani da wuri shi ne ke mayar da mutane baya. Gonar ma da kaɗan-kaɗan ya koma, tare da ƙannensa, kafin ya iya zuwa shi kaɗai.

Don Allah kada a ɗaure mara lafiya da mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka gano a gidajen mari a Daura da Katsina a 2019. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin mara lafiya. Asibitoci suna nan: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da Shika a Zariya. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ba su hana juna.

Idan kana da irin wannan a gida, zauna kusa da shi, kada ka matsa masa ya ba da labari. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.