Hannu Biyu, Talabijin Ɗaya: Wane Gem Za Ka Yi da Abokinka?

Dokar gidan gem ɗaya ce duk inda ka je, daga unguwannin birnin Kano har Bichi da Kazaure da garuruwan ƙasar Kunci: wanda aka ci ya miƙa hannu, wanda ya ci ya gyara zama. Ƙwallo ake bugawa, FIFA ko PES, in an gaji da ita a saka Mortal Kombat a daddatsa juna. Yaron da bai goge ba zai biya kuɗinsa, a zura masa biyar da nema cikin minti goma, ya tashi ana yi masa ihu. Wani lokacin har ɗan kuɗi ake ajiyewa a ƙarƙashin benci, abu ya tashi daga wasa ya koma caca, a rabu da zagi. Shi ya sa iyaye da yawa, da su kansu yaran, ba su san gem yana da wata fuska ba sai ta a kayar da wani.

Alhali akwai wani reshe babba wanda mutum biyu ke zama ɓangare ɗaya, na'urar ce abokiyar gabarsu. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. A dara kowa kansa ya sani, amma a langa gwaninta ba ta amfanar ka in ka bari aka kayar da ruwanku; dole ka tare masa, ka buɗe masa hanya. Gem na haɗin gwiwa ɗan gidan langa ne, sai dai nan ɗaya ƙungiyar tana cikin talabijin.

Kuma ba sabon abu ba ne. Waɗanda suka tashi da ƙananan na'urorin nan masu rawayen kaset za su tuna gem ɗin tankokin yaƙi, wanda sunansa na asali Battle City, kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1985. Tanka ashirin ke zuwa a kowane mataki, ku biyu kuna gadin mikiyar da ke ƙasan allo. In ka harbi abokinka bisa kuskure sai ya sandare na ɗan lokaci, maƙiyi ya same shi a ɓagas. Sai Contra na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1987. Shi kam ya raba abokai da yawa, domin a matakin hawan dutse in ka yi gaba da sauri allon zai bi ka sama, na ƙasa ya mutu, kuma wanda rayukansa suka ƙare yana iya zarar na ɗan'uwansa ba tare da sallama ba. Duk wanda ya yi shi ya san kukan nan na "Yaya, ka jira ni mana!"

Tambayar farko kafin ka fitar da kuɗi ita ce: shin gem ɗin yana karɓar mutum biyu a na'ura ɗaya da talabijin ɗaya? A nan ake yawan tafka asara. GTA V, wanda ya fito a 2013, kowa ya san sunansa, amma ba ya yiwuwa ku biyu a na'ura ɗaya. Labarin God of War ma na mutum ɗaya ne. Wasu kuma an rubuta suna ɗaukar mutum huɗu ko takwas, amma ta intanet ake nufi, wato kowa da na'urarsa da talabijin ɗinsa da datarsa, kuma a PS4 da PS5 yawancinsu sai ka biya kuɗin PlayStation Plus a kai. Ga wanda ke ƙauye, inda wani lokaci sai an nemi tudu kafin saƙon WhatsApp ya tafi, wannan ba zance ba ne. A bayan kwalin faifai akwai lambobi iri biyu: ta 'yan wasan da za su zauna wuri ɗaya, da ta waɗanda za su haɗu ta intanet. Ta farkon ce taka. In kuwa na'urar da gem a cikinta aka sayar maka, kamar yadda aka saba a kasuwa, to sai ka gani da idonka.

Daga nan sai wuta, wadda ita ce mai yanke hukunci a wurinmu ko da masu rubutun gem na Turai ba sa kawo ta a lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa ta janareta kuɗi ce mai ciwo, masu hali kuma sun koma sola. Siririyar PS2 ba ta jan wat 50. PS5 kuwa, wadda ta fito a 2020, tana kai wa kusan 200 in ana tsakiyar wasa, ban da talabijin. Nintendo Switch ta 2017 ba ta kai wat 20 ba, tana da batirinta, ko an ɗauke wuta wasa bai mutu ba, kuma hannunta rabuwa yake biyu kowa ya riƙe ɓari. Matsalarta tsadar kaset da ƙarancin masu gyara. Ba banza ba PS2, da ta fito tun 2000 aka kuma sayar da fiye da miliyan 150, har yau take numfashi a ƙauyuka. Wutar nan kuma tana shafar irin gem ɗin da ya dace da ku. Wanda ke adana inda kuka tsaya a kai a kai, ko mai gajerun matakai na minti biyar zuwa goma, ya fi wanda sai an yi tafiyar awa guda kafin a sami wurin ajiya. A PS2 kada ka manta da ɗan katin ajiyar nan, in ba haka ba kullum daga farko za ku soma.

Amma abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne wanda za ka zauna da shi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: gem na mutum biyu, da ma'aunin wanda bai iya ba ake zaɓensa. In ka zaɓa da ma'auninka, kai za ka yi ta gudu, shi ya yi ta mutuwa, kafin rabin awa ya ajiye hannu ya ce yana da aike.

In ƙaninka ne ko ɗanka, ko abokin da bai taɓa riƙe hannun gem ba, babu kamar jerin Lego. Lego Star Wars ya fito a 2005, Lego Batman da Lego Indiana Jones a 2008, dukkansu akwai su a PS2. Mutuwa a cikinsu ba ta korar ka, sai dai ka zubar da 'yan sulallan da ka tara ka tashi nan take. Na biyu yana iya shiga ko fita a tsakiyar wasa, in an kira shi cin tuwo na'ura ta riƙe masa. Wani abin daɗin kuma, waɗannan na farkon ba a magana a cikinsu sam, da motsi da gatsine ake ba da labari, don haka rashin Turanci ba ya hana kowa dariya. In kuna da PS3 ko PS4, Rayman Legends na 2013 ya fi su kyau a ido: wanda ya mutu kumbura yake ya yi ta shawagi har sai abokinsa ya mare shi ya dawo. Mutum huɗu na iya yi, kuma akwai 'yar ƙwallon barkwanci a ciki ga waɗanda ba sa iya kwana ba su zura ba.

Shi kuwa Cuphead na 2017, kada zanensa mai kama da katun ɗin yara ya ruɗe ka. Gem ne mai taurin kai, na waɗanda dukansu biyu suka goge kuma ba sa saurin fushi.

In ku biyun sa'o'in juna ne, kuma kuna da PS4 ko abin da ya fi ta, to ku nemi It Takes Two. Kamfanin Hazelight na ƙasar Suwidin ne ya yi shi ƙarƙashin Josef Fares, haifaffen Labanan, kuma shi ya ci kyautar gwarzon gem na shekarar 2021. Mutum ɗaya ba ya iya yin sa ko ya so. Allon rabe yake biyu, kuma kayan aikin da aka ba ka ba shi aka ba abokinka ba: a wani mataki ɗaya na riƙe da kan guduma, ɗaya na jifa da ƙusoshi, kuma babu mai tsallakewa sai ɗayan ya yi nasa. Wannan shi ne bambancin haɗin gwiwa na gaske da na jeka-na-yi-ka. A wasu gem ɗin kuna tafiya tare ne kawai, gwani na iya gama komai ɗayan na biye da shi kamar ɗan rakiya. A nan kuwa dole a yi magana, dole a jira juna. Labarinsa na mata da miji ne da ke shirin rabuwa, aka mayar da su 'yan tsana, sai sun haɗa kai za su koma ga 'yarsu. Ya wuce awa goma, don haka ba na gidan gem ba ne inda ake biya wasa-wasa. Na gida ne, a bi shi kaɗan-kaɗan bayan an kai amfanin gona rumbu. Kamfanin ya yi A Way Out a 2018, labarin fursunoni biyu masu shirin tserewa, wanda ya fi gajarta amma na manya ne, sai kuma Split Fiction a 2025, wanda ba ya hawa PS4.

Akwai wani da nake ba mutane da gargaɗi, Overcooked na 2016. Girki ake yi: wannan na yanka albasa, wancan na wanke kwano, tukunya na ƙonewa, masu jiran abinci na fushi. Maɓallansa kaɗan ne, matakansa 'yan mintuna, har mutum biyu na iya raba hannu ɗaya in na biyun ya lalace. Amma duk wani mai son ba da umarni, a nan asirinsa ke tonuwa. In abokinka irin masu cewa "ai laifinka ne" ne, ku nemi wani.

Ɗan manomin Kunci kuwa zai sha dariya da Stardew Valley, wanda mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙirƙira ya fitar a 2016. Gona ake gada a cikinsa, a yi sharar ta, a shuka, a yi ban-ruwa, a yi kiwon kaji da shanu, kuma akwai shukar da kwana huɗu kacal take yi a girbe ta. Babu tsadar taki, babu jiran damina. Ana raba allo a noma gona ɗaya tare. Illarsa biyu: yana son karatun Turanci sosai, kuma ba ya adana aiki sai an kwanta barci a ƙarshen ranar cikin gem, wadda ke cin wajen kwata na awa. In wuta ta ɗauke kafin nan, aikin ranar ya bi ruwa.

Masu son faɗa ba a bar su a baya ba. A PS2 akwai Mortal Kombat: Shaolin Monks na 2005, inda Liu Kang da Kung Lao ke tafiya tare maimakon su fuskanci juna. Streets of Rage na zamanin Sega ya dawo da kashi na huɗu a 2020. A PS3 kuma akwai Resident Evil 5 na 2009, wanda ya iya tilasta rabon harsashi da magani tsakanin mutum biyu. Sai dai an kafa labarinsa a wani ƙagaggen yanki na Afirka, kuma tun kafin ya fito ya sha suka kan hoton Bature yana harbin baƙaƙen fata da cuta ta haukata. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a saka wa yaro shi ba. Wannan ya kawo mu ga lambar da ke gaban kwali. Faifan da aka yi don Turai yana ɗauke da 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma harafi ne, inda M ke nufin na manya. Shaolin Monks da Resident Evil 5 da A Way Out duk na manya ne. It Takes Two na 'yan 12 ne zuwa sama. Lambar ba da tarbiyyarmu aka auna ta ba, akwai shigar da su ba sa ganin aibunta mu muna gani, don haka babba ya fara dubawa da kansa. Gem mai gajerun matakai yana da wata fa'idar a nan ma: in an kira salla ana iya ajiye hannu ba tare da "bari mu kai wurin ajiya" ba.

Wanda kuma ba shi da halin sayen komai sabo, abin nema yana hannunsa tuntuni. A FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da PES, wanda ya koma eFootball a 2021, allon zaɓen ɓangare yana barin a tura hannu biyu gefe ɗaya. Ku ɗauki ƙaramar ƙungiya, ku ɗaga ƙarfin na'ura, ku shiga gasar kofi. Minti goman farko rikici ne, kowa na bin ƙwallo, baya a buɗe. Daga nan sai a raba aiki, wannan ya riƙe tsakiya, wancan ya yi gudun gefe. Mai gidan gem ma bai yi asara ba, hannu biyu dai ya bayar haya.

In za ka shiga Kano sayayya, ko za ka saya a hannun wanda ya dawo daga ci-rani, ka tafi da abokin naka. A jona hannu biyun a gabanku, ku shiga gem ɗin har inda na biyu zai bayyana a allo, ku motsa kowane maɓalli. Ku saki sandar hannun ku gani ko ɗan wasan zai ci gaba da tafiya shi kaɗai, domin wannan ce cutar tsofaffin hannuwa, kuma galibi na biyun da ake haɗa maka a ciniki shi ne mai ita. In talabijin ɗinku ƙarama ce, ku fifita gem ɗin da ku biyu ke cikin allo ɗaya, irin su Rayman da Streets of Rage, a kan masu raba allo, domin rabin ƙaramin allo ba ya nuna rubutu, balle maƙiyin da ke tahowa daga nesa.