Shin Kirista Tsintar Dokoki Suke Yi A Littafi Mai Tsarki?

Akwai wata tambaya wadda ba ta tsufa a wuraren hira na ƙasar nan, ko a cikin mota, ko a ofis, ko a makarantun kwana inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista ke zaune ɗaki ɗaya. Tambayar kuwa ita ce: tun da yake Attaura tana cikin littafin da Kirista ke riƙe da shi, don me yawancinsu ke cin naman alade, suna kuma aiki ran Asabar, alhali littafin nan ya hana? Wasu kan yi tambayar don neman sani, wasu kuwa don tsokana. Ko da wace niyya aka yi ta dai, tambaya ce mai nauyi, gama abin da ke ƙarƙashinta shi ne zargin cewa an mai da maganar Allah kamar kayan kasuwa, a ɗauki mai araha a bar mai tsada. Su Kirista ma sun fi kowa jifan junansu da wannan zargi, har ikilisiyoyi sun tsage a kansa, gidaje kuma sun watse.

Wanda ya bi tarihin al'amarin zai tarar da zaɓi iri biyu. Akwai wanda aka yi a fili bisa ƙa'ida, bayan doguwar muhawara, akwai kuma wanda son zuciya ya yi a ɓoye. Idan ba a rarrabe su ba, to, za a yi ta musu ne a kan alade, a bar babbar magana a kwance.

Dokoki 613

Malaman Yahudawa sun ƙidaya dokokin da ke cikin littattafai biyar na Annabi Musa suka sami 613, watau umarni 248 da hani 365. A sura ta 11 ta Littafin Firistoci an haramta alade, an kuma haramta raƙumi da zomo, da duk kifin da ba shi da ɓawo a jikinsa, irin su tarwaɗa. A sura ta 19 an hana shuka iri biyu a gona ɗaya, abin da zai shafi duk manomin da ke haɗa gero da wake, an kuma hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Amma a cikin wannan sura ɗin ce aka hana kwana da haƙƙin ɗan ƙodago, aka ce a bar wa matalauta kala a gona, a gyara mudu da ma'auni, mutum ya so wa maƙwabcinsa abin da yake so wa kansa. Surar ba ta sa wata alama da ke nuna wannan doka ta har abada ce, waccan ta wani zamani ce ba. Duk a jere suke.

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin dokokin nan sun rataya ne a kan Haikalin Urushalima da hadayun da ake yi a cikinsa. Sojojin Rum sun rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, daga nan hadaya ta tsaya, har ga su Yahudawa masu Attaurar. Ke nan babu mai iya cika 613 ɗin nan duka a yau, kome tsoron Allahnsa. Abin bincike shi ne ma'aunin da kowace jama'a ta yi amfani da shi.

Taron Urushalima

Mabiyan farko na Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, duk Yahudawa ne masu kaciya, masu kiyaye Asabar. Rigima ta taso ne sa'ad da Girkawa da sauran waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga addinin a birnin Antakiya. Wasu suka ce lalle sai an yi musu kaciya sun ɗauki Attaura dungum, Bulus da Barnaba suka ƙi. Aka kai ƙara Urushalima wajen shekara ta 49 ko 50, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labari. Bayan Bitrus da Yakubu sun yi magana, taron ya yanke cewa ba za a ɗora wa baƙin nan kaciya ba, sai dai su nisanci abubuwa huɗu: abin da aka yanka wa gunki, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci.

Ashe ke nan zaɓin farko a cikin littafin kansa yake. Kirista ba sa ganin sun jefar da doka ne, suna ganin alkawarin da aka yi da Bani Isra'ila ya kai ga cikarsa, wani sabo ya zo. Mai karatu wanda ya san bahasin nasikhi da mansukhi a wajen malaman Musulunci zai gane irin wannan tunani, ko da bai yarda da inda ya kai su ba. Haka kuma ba su yarda a yar da tsohon littafin ba. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Markiyon, ya nemi a yi haka, ikilisiyar Rum ta kore shi wajen shekara ta 144.

Daga baya malamai suka tsara ƙa'idar sosai. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kasa dokokin uku: na ibada kamar hadaya da abinci da kaciya, na mulki kamar hukunce-hukuncen ƙasar Isra'ila ta dā, da na halin kirki kamar hana kisa da sata da zina da shaidar zur. Kashi biyu na farko sun wuce da zamaninsu, na uku yana nan daram. Ikilisiyar Ingila ta sa wannan rabo cikin aƙidunta 39 na shekarar 1571. Saboda haka Kiristan da ya ci alade yana bin hukuncin da ya gada ne, ba shi ya ƙirƙiro shi jiya ba.

Inda ƙa'idar ta yi gardama

To, amma rabon nan bai kashe magana ba, domin ba kowace doka ce ke yarda ta zauna a kashi ɗaya ba. Asabar tana cikin Dokoki Goma, waɗanda kowa ya yarda na halin kirki ne, duk da haka Kirista tun farkon zamani suka riƙa taruwa ran Lahadi, ranar da suka gaskata Almasihu ya tashi daga matattu, kuma a shekara ta 321 Sarki Kwanstantin ya mai da Lahadi ranar hutu a daular Rum. Ba kowa ne ya bi ba. Ikilisiyar Habasha, wadda ta kafu tun ƙarni na 4, ta yi shekaru fiye da ɗari tana rikici a kan batun, sai a 1450 Sarki Zara Yakob ya tara malamai aka yanke a girmama Asabar da Lahadi duka biyu. Mabiyanta har yau ba sa cin alade, suna kuma yi wa 'ya'yansu maza kaciya. Haka 'yan Adbantis masu kiyaye Asabar, waɗanda suka kafa ɗarikarsu a Amurka a 1863, suka iso Nijeriya a 1914, suna da asibiti a Jengre ta Jihar Filato.

Har hani huɗun nan na Urushalima ba su tsira ba. Ikilisiyoyin gabas sun riƙe hanin cin jini, na yammacin Turai suka ce an yi shi ne don kada a ɓata wa Yahudawan wancan zamani rai, shi ya sa ake dafa jini a ci a Ingila da Jamus da Faransa. Shaidun Jehobah kuwa tun 1945 suka miƙa hanin har ya kai ga ƙarin jini a asibiti. Aya ɗaya, hanyoyi uku. Wannan saɓanin fahimta ne irin wanda kowane addini mai littafi ya sani, kuma kowane ɓangare yana iya kawo hujjarsa a gaban jama'a.

Inda son zuciya ya shiga

Zargin tsintar dokoki ya fi kamawa a wurare uku, kuma babu ruwan ko ɗaya da abinci.

Na farko shi ne kuɗin ruwa. Attaura ta hana karɓar riba a kan bashin ɗan'uwa, Linjila kuma ta kwaɗaitar da ba da rance ba tare da jiran sakayya ba. Taron Nikiya na 325 ya hana limamai cin riba, wani babban taro a Rum a 1179 ya ce wanda ya shahara da ita kada a ba shi jibin Ubangiji, kada kuma a yi masa jana'izar Kirista. Da ciniki ya bunƙasa a biranen Turai, sai Yahaya Kalbin na Janiba ya rubuta a 1545 cewa ana iya karɓar ruwa matsakaici a bashin kasuwanci, bisa sharaɗin kada a karɓa daga matalauci. Duniya ta rungumi izinin, ta manta da sharaɗin.

Na biyu shi ne bauta. A 1807 aka buga wani littafi a Landan don bayin da ke gonakin rake na Turawan Ingila a tsibiran Karebiya. Daga surori 1,189 na Littafi Mai Tsarki, 232 kaɗai aka bari. An cire labarin yadda Annabi Musa ya fitar da jama'arsa daga bautar Fir'auna, an cire ayar Bulus mai daidaita ɗa da bawa a gaban Allah, aka bar wadda ke umartar bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. A Amurka kuma 'yan Baftis na kudu sun ware a 1845 don kare masu mallakar bayi, sai a 1995 suka nemi gafara a bainar jama'a. Abin lura shi ne, waɗanda suka yaƙi bauta, bayi da 'yantattu da Turawa, daga littafin nan suka ɗauko makamansu.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, watau auren mace fiye da ɗaya. Annabi Ibrahim da Yakubu da Dauda duk sun yi shi, Sabon Alkawari kuma ya shar'anta mace ɗaya ne a fili ga shugabannin ikilisiya, ko da yake malaman Kirista na kafa hujjar mace ɗaya ga kowa da labarin Adamu da Hauwa'u. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambet a 1888 ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma, saboda haka dattijon da ya so shiga addinin sai ya sallami sauran matansa, su da 'ya'yansu su rasa madafa. Bishop Kolenso na Natal ya riga ya yi kashedi cewa wannan tilasta saki ne, alhali saki shi ne abin da Almasihu ya tsananta a kansa da bakinsa. A Ikko batun ya tsaga 'yan Metodis a 1917. Sai bayan shekara ɗari cif, a taron Lambet na 1988, aka yarda a karɓi irin wannan mutum da iyalinsa, muddin ba zai ƙara aure ba.

A gida yau

Mai son ganin al'amarin da idonsa ba sai ya je Turai ba. A majami'u da yawa na ƙasar nan ana karanta ayar Malakai ta ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma, kusan kowace Lahadi, ko da yake bisa rabon nan na uku wasu malamai na sa ta cikin dokokin Haikali. Ba safai ake karanta sura ta 14 ta Maimaitawar Shari'a ba, inda aka ce ushirin kowace shekara ta uku a ajiye shi a gari don Lawiyawa da baƙo da maraya da gwauruwa. Haka kuma ana hana mata sa wando da wata aya ta sura ta 22 ta wannan littafi, alhali a surar ce aka umarci mai gina gida ya yi wa soronsa rawani don kada wani ya faɗo ya mutu. A ƙasar da benaye ke ruftawa da mutane, wace ce cikin biyun ta fi cancantar huɗuba?

Ma'aunin da ya rage

Linjila da kanta ta ba da ma'auni. A sura ta 23 ta Matiyu, Almasihu ya tsawata wa malaman zamaninsa saboda suna fitar da ushiri har na kayan ƙamshin miya, sun kuwa yi watsi da adalci da jinƙai da amana, waɗanda ya ce su ne masu nauyi. Wannan ya nuna dokoki suna da manya da ƙanana, kuma ana iya kuskure wajen jera su.

Saboda haka idan aka ga wata jama'a ta ajiye wata doka, akwai tambayoyi biyu da suka dace. Shin za ta iya faɗin ƙa'idarta a fili, ta kuma bi ta ko a ranar da ba ta yi mata daɗi ba? Sa'an nan wa ya ci ribar zaɓin, wa kuma ya ɗauki kayan? Taron Urushalima ya sauke wa baƙi marasa ƙarfi kaya ne. Masu littafin bayi na 1807 kuwa sun sauke wa kansu, suka ɗora wa wanda ba shi da baki. Da wannan ma'auni za a ga cewa batun alade yana da amsa tsohuwa, amma batun riba da haƙƙin ɗan ƙodago da mudun kasuwa har yanzu yana jiran amsa.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tambayoyin nan biyu ba su san Kirista kaɗai ba, duk mai riƙe da littafi yana iya auna kansa da su kafin ya auna maƙwabcinsa. Allah Ya sa mu dace.